Yadda ake bin sawun anime da manga masu kyau da ba su yi tashe ba

Duk wanda ya taɓa miƙa waya a shagon masu tura finafinai ya ce a zuba masa katun ɗin Japan, ya san abin da zai koma gida da shi. Naruto ne, One Piece, Dragon Ball, Bleach, in mai shagon ɗan zamani ne ya ƙara da Demon Slayer. Ba laifinsa ba ne, abin da ake tambaya shi yake ajiyewa. Abin da yawancinmu ba mu lura ba shi ne, duka biyar ɗin nan 'yan gida ɗaya ne. A mujalla guda suka fara fitowa, wato Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda ake bugawa tun 1968 domin samari matasa. Shi ya sa ɗanɗanonsu ya zo ɗaya: yaro mai taurin kai, abokai, atisaye, abokin gaba da ya fi na baya ƙarfi, sai a sake sabon zagaye. Wanda ya gaji da wannan ya ce ya gaji da anime, tamkar wanda ya ci abinci a rumfa ɗaya ne ya ce ya gama da kasuwar.

Kafin mu shiga, manga shi ne labarin da aka zana a takarda, yawanci baƙi da fari. Anime kuwa shi ne mai motsi da murya. Sau da yawa mangan ne ke fara fitowa, in ya karɓu a mayar da shi anime.

Mataki na farko: san wa aka rubuta wa labarin

A Japan ana kasa manga ne bisa masu karatun mujallar da ta buga shi. Shonen na samari ne, shojo na 'yan mata, seinen na manyan maza, josei na manyan mata. Rabon bai hana kowa karanta na wani ba, kuma bai gaya maka ko labarin faɗa ne ko na soyayya. Amfaninsa shi ne ya nuna maka inda za ka dosa. Mafi yawan abin da ya ɓuya mana yana cikin seinen da josei, domin a can ne ake samun labarin manomi, likita, mai kwasar shara, tsohon da ke waiwayen rayuwarsa. Riƙe kalmomin nan huɗu, za ka buƙace su a gaba.

Mataki na biyu: bi mujalla

Editocin mujalla suna da irin labarin da suke so, kamar yadda kowace mai tuwo take da hannunta. In labari ɗaya ya burge ka, duba mujallar da ya fito, ka leƙa maƙwabtansa.

Wadda nake fara tura mutane gare ta ita ce Afternoon ta kamfanin Kodansha, mai fitowa wata-wata. A cikinta da ƙanwarta Afternoon Season Zokan Yuki Urushibara ta zana Mushishi daga 1999 zuwa 2008, juzu'i 10, aka mayar da shi anime mai kashi 26 a 2005, aka kuma ci gaba a 2014. Jarumin, Ginko, matafiyi ne mai farin gashi da ido ɗaya, yana goye da akwatin magunguna, yana yawo ƙauye zuwa ƙauye. Aikinsa shi ne warware matsalar wasu halittu da ake kira mushi, waɗanda ba dabba ba ne, ba tsiro ba ne, kuma ba kowa ke ganinsu ba. A wani kashi ya isa wani ƙauye da ƙanƙara ta rufe, inda mutane ke kurmancewa ɗaya bayan ɗaya. Ashe wata halitta ce mai kama da dodon koɗi take shiga kunne tana cinye sauti. Babu takobi, babu ihu. Ginko ya duba kunnen, ya haɗa ruwan gishiri, ya zauna ya saurari abin da mutanen gidan ke ɓoyewa. Wani lokaci ya yi nasara, wani lokaci ya zo a makare, ya ɗauki akwatinsa ya wuce. Kowane kashi labari ne mai zaman kansa, saboda haka ko ɗaya ka samu ya ishe ka gwaji. Shawarata, ka kalle shi da dare bayan gida ya yi tsit, da abin sauraro a kunne, domin rabin daɗinsa a cikin shirun yake.

A mujallar dai Hitoshi Ashinano ya yi Yokohama Kaidashi Kikou daga 1994 zuwa 2006, juzu'i 14. Teku ta cinye garuruwan gaɓa, mutane sun ragu, wata mutum-mutumi mai suna Alpha tana tsaron ɗan shagon kofi da da ƙyar ake samun mai shigowa. Za ka iya buɗe shafi huɗu a jere babu kalma ko ɗaya. Wasu za su ce babu abin da ke faruwa a ciki, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni dai ban taɓa ganin labarin da ya nuna yadda yaran unguwa ke girma su bar ka a inda kake kamar wannan ba.

Sauran mujallun da ya kamata ka rubuta sunansu: Morning, ita ma ta Kodansha, da Harta, da Big Comic Spirits.

Mataki na uku: bi hannun mai aikin

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ita aka fi mantawa. Ɗauki shahararren labarin da kake so, nemo sunan wanda ya yi shi, ka tambayi abin da ya yi kafinsa da bayansa.

Wanda ya san Vinland Saga, labarin mayaƙan arewacin Turai, ya nemi Planetes na marubucin, Makoto Yukimura. Juzu'i 4 ne kacal, ya fito a Morning daga 1999 zuwa 2004, kamfanin Sunrise kuma ya yi animensa mai kashi 26 a 2003. Labarin yana faruwa ne wajen 2075, jarumansa kuwa 'yan kwasar bola ne a sararin samaniya. Tsofaffin taurarin ɗan'adam da ɓaraguzan roka sun cika kewayen duniya, kuma a irin gudun da suke yi, ƙusa ɗaya ta isa ta tarwatsa jirgi. Da irin wannan hatsarin ma labarin ya buɗe. Ma'aikatan suna ƙorafin albashi, ana raina sashensu a kamfani, shugabar jirginsu tana neman inda za ta sha taba ba ta samu ba. Can gaba sai labarin ya taɓo tambayar da ta shafe mu kai tsaye: idan ƙasashe masu arziki suka rabe albarkatun sama a tsakaninsu, ina rabon matalautan ƙasashe?

Hiromu Arakawa kuma kowa ya san ta da Fullmetal Alchemist. A gonar shanun madara ta tashi, a tsibirin Hokkaido, kuma daga 2011 zuwa 2019 ta zana Gin no Saji, wanda aka fi sani da Silver Spoon, juzu'i 15. Yaron birni ne ya gudu daga matsin karatu ya shiga makarantar koyon noma, yana zaton hutu ya samu, sai ga shi ana tashinsa da asuba zuwa kejin kaji. Duk wanda ya taɓa kiwata rago ya saba da shi, ranar layya ta zo ya kasa haɗa ido da shi, zai gane abin da ke damun yaron. Sai dai in faɗa maka tun yanzu, dabbar da ya shaƙu da ita alade ce, kuma batun namanta ya ɗauki babi da yawa. Wanda hakan zai dame shi ya sani.

Haka ake yi da daraktoci. Masaaki Yuasa ya yi Kaiba a 2008, duniyar da ake cire tunanin mutum a zuba shi a wani jiki, mai kuɗi ya sayi jikin talaka. Ya kuma yi Ping Pong a 2014, kashi 11, kan ƙwallon tebur. Zanen Ping Pong a karkace yake, da yawa suna gani su kashe a minti biyar. Sun yi asara. Kenji Kamiyama ya yi Seirei no Moribito a 2007, kashi 26, daga littafin Nahoko Uehashi. Jarumar, Balsa, mace ce 'yar shekara talatin, mai mashi, da aka ɗauka hayar tsaron wani ɗan sarki da mahaifinsa ke neman ransa. Yaron yana ɗauke da ƙwan wani ruhin ruwa a jikinsa, in ya mutu fari zai afka wa ƙasar. In kana son faɗa amma ka gaji da masu kiran sunan duka kafin su kai shi, fara da wannan. Mitsuo Iso shi ma ya yi Dennou Coil a 2007, inda yara ke yawo da tabarau mai ɗora duniyar kwamfuta a kan titin unguwarsu, tun kafin irin wannan tabarau ya zama abin da kamfanoni ke talla.

Mataki na huɗu: duba abin da masu sayar da littattafai suka zaɓa

Jerin abin da ya fi ciniki zai sake mayar da kai rumfar farko. Lambobin yabo sun fi amfani, musamman Manga Taisho da aka fara a 2008. Yawancin alƙalanta ma'aikatan shagunan littattafai ne, kuma ƙa'idarta ita ce labarin da ya wuce juzu'i 8 ba ya shiga takara. Ka ga ke nan an rufe wa manyan giwaye ƙofa. Kada ka tsaya a wanda ya zo na ɗaya, duba duka waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a kowace shekara. Akwai kuma kyautar Tezuka Osamu da jaridar Asahi ke bayarwa tun 1997.

Gin no Saji ya ci Manga Taisho a 2012. A 2014 kuma Otoyomegatari na Kaoru Mori ya ci, kuma a kansa nake so in ɗan daɗe. Labarin aure ne da zaman dangi a tsakiyar Asiya a ƙarni na 19, yankin da ke gabashin tekun Kasfiyan, tsakanin makiyaya da mazauna gari. Mori takan cika shafi guda da zanen darduma ko surfanin riga, zare bayan zare, har ka ji kamar ka shafa. A can yarinya tun tana ƙarama take fara ɗinka yadudduka da za ta tafi da su gidan miji, iyaye mata da kakanni suna buɗe tsofaffin akwatuna suna nuna mata zanen da kowace ta gada. Akwai wata Pariya, gwanar gasa burodi amma allura ta gagare ta, ga baki ba linzami, tana fargabar ba mai aurenta. Duk wadda ta ga yadda uwa ke tara kayan ɗakin 'yarta shekara da shekaru za ta ji kamar gidansu aka leƙa. Abu biyu za ka sani kafin ka buɗe: amaryar farko, Amir, shekararta ashirin, angon kuma sha biyu, sannan akwai babin gidan wanka na mata da ba a rufe jiki ba. Na manya ne.

A ɓangaren anime, abin da ya yi kama da wannan shi ne noitaminA, wani fili na tsakar dare da tashar Fuji ta buɗe a 2005. Kalmar Turanci ta zane mai motsi ce aka rubuta daga ƙarshe zuwa farko. An buɗe shi ne domin mutanen da ba su saba kallon anime ba. Nemo jerin abin da aka nuna a filin, musamman shekarun farko. A nan aka nuna Ping Pong, a nan kuma aka nuna Mononoke a 2007, kashi 12, labarin wani mai tallan magani da ba ya iya zare takobinsa sai ya gano siffar aljanin, da gaskiyar abin da ya faru, da dalilin ƙullacinsa. Kada ka haɗa shi da Princess Mononoke, fim ɗin darakta Hayao Miyazaki mai kama da sunansa, ba su da alaƙa.

Mataki na biyar: tantance kafin ka kunna

Yanzu kana da sunaye. Buɗe MyAnimeList ko AniList, rumbuna ne na kyauta da ke ɗauke da bayanin kusan kowane anime da manga. A shafin kowane labari a MyAnimeList akwai maki daga ɗaya zuwa goma, akwai kuma wata lamba a gaban kalmar Popularity. Ita wannan a juye take: ƙaramar lamba na nufin kowa ya sani, babba na nufin 'yan kaɗan ne suka kalla. Abin da kake farauta shi ne maki mai kyau, kamar bakwai da rabi zuwa sama, tare da lambar shahara mai nisa. A shafin kuma za ka ga sunan mujalla, da darakta, da kamfani, duka ana latsawa, wato matakai na biyu da na uku sun zo maka a tafin hannu. Makin kansa kada ka ɗauke shi kamar hukuncin alƙali. Yawancin masu bayarwa matasa ne, kuma sukan rage wa labari mai tafiyar hawainiya da tsohon zane.

Sai abin da ya fi komai muhimmanci a gidan Bahaushe. A shafin akwai matakin shekaru: G da PG na kowa da yara ne, PG-13 na matasa, R na da zubar da jini ko zagi, R+ na da tsiraici, Rx kuwa batsa ce tsagwaronta. In ka ga kalmar ecchi a cikin nau'in labarin, ka san akwai nuna jiki da gangan. Ni na koyi wannan ne da kunya. Wani aboki ya tura min wani shiri ya ce na barkwanci ne, na jona waya da talabijin ɗin falo, ƙannena suka zagaye ni, Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa. Ba a yi minti goma ba aka shiga wurin wanka. Na daka tsalle neman rimot, na taka faranti, Hajiya ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To, Malam, wannan ne karatun da ake yi da wayar?" Tun daga ranar ba na kunna komai a gaban mutane sai na kalli kashi biyu ni kaɗai. Zane ne ba ya nufin na yara ne. Haka kuma yawancin labaran nan cike suke da al'adun addinan Shinto da Buddha, ruhohin daji da na ruwa. Haibane Renmei na 2002, misali, 'yan mata ne masu fukafukai a wani gari mai ganuwa, kuma maganar zunubi da gafara yake yi ta fahimtar marubucinsa. Babba zai kalla ya san tatsuniyar wasu ce, yaro kuwa yana buƙatar mai yi masa bayani.

Mataki na shida: nemo shi da harshen da kake ji

Kowane labari yana iya samun suna uku ko huɗu, na Japananci da na fassara, saboda haka gwada duka. Manhajar Manga Plus ta Shueisha, wadda aka buɗe a 2019, tana ba da babin farko-farko da na baya-bayan nan kyauta, kuma ban da manyan Jump akwai ƙananan labarai da yawa a ciki. Crunchyroll da Netflix suna da anime, amma abin da ake nunawa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, duba ko akwai abin da kake nema kafin ka biya. Shafukan sata kuwa, ban da haƙƙin masu aikin, tallan caca da hotunan banza ne ke faɗo maka, wani lokaci har da abin da zai lalata waya. Don tattalin data, rage ingancin hoto zuwa 480, a fuskar waya da wuya ka ga bambanci, ka kuma sauke da dare in layinka yana da garaɓasar dare.

Mai jin Faransanci, kamar 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi da Garwa, ya fi mai Turanci sa'a a fagen manga. Faransa tana cikin manyan kasuwannin manga a wajen Japan, kuma an fassara abubuwa da yawa a can tun kafin a yi su da Turanci. Jiro Taniguchi, wanda ya rasu a 2017, a Faransa aka fi girmama shi. Nemi Quartier lointain, labarin magidanci ɗan shekara 48 da ya farka ya ga kansa a jikinsa na shekara 14, 'yan watanni kafin mahaifinsa ya bar gida. Ya ci kyauta a bikin littattafan zane na garin Angoulême a Faransa a 2003. Mai jin Larabci kuma, ko a Sudan ko Chadi ko wanda ya zauna Saudiyya, wataƙila ya riga ya kalli wani tsohon abu bai sani ba. Adnan wa Lina da aka yi ta nunawa a tashoshin Larabawa shi ne Mirai Shonen Conan na 1978, kashi 26, wanda Hayao Miyazaki ya ba da umarni shekaru bakwai kafin a kafa kamfanin finafinansa na Studio Ghibli.

Mataki na bakwai: ba shi kashi uku

Manga daga dama ake buɗe shi, kuma a cikin shafi daga akwatin sama na dama ake farawa a gangaro hagu. Bature sai ya yi kwanaki yana rikicewa. Wanda ya yi makarantar allo kuwa hannunsa ya riga ya san hanya.

Masu kallon anime suna da al'adar ba sabon shiri kashi uku kafin su yanke hukunci. Kowane kashi kamar minti 24 ne, ka ga awa ɗaya da 'yan mintuna ke nan. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, in bayan uku ba ka damu da abin da zai sami mutanen ciki ba, ajiye ka ɗauki wani, ba bashi ka ci ba. A manga, juzu'i ɗaya ya isa. Planetes ne kawai zan roƙa wa alfarma, domin kashin farko-farko na animen sun cika wasan ofis, sai wajen tsakiya yake nuna haƙoransa.

Akwai kuma wanda tun kashin farko yake kama mutum. Shouwa Genroku Rakugo Shinjuu na Haruko Kumota, wanda aka yi animensa a 2016 da 2017, a kan rakugo yake, wata tsohuwar sana'ar ba da labari. Mutum ɗaya ne zai durƙusa a kan matashi a gaban jama'a, ba shi da komai sai mafici da ɗan ƙyalle. Ya juya fuska dama ya zama miji, ya juya hagu ya zama mata, maficin ya zama lofe ko tsinken cin abinci, ƙyallen ya zama jakar kuɗi. Labarin ya buɗe da wani tsohon fursuna da ya fito daga kurkuku ya zarce wurin dattijon gwanin da ya taɓa zuwa yi musu wasa a can, ya ce shi dai sai an ɗauke shi almajiri. Kashin farkon ya ninka na kullum tsawo, kuma a cikinsa an bar sabon almajirin ya yi wasansa na mintuna masu yawa ba a yanke ba, ana nuna gumi a wuyansa da yadda ƙafafunsa ke motsi a kan matashin. Akwai giya da sha'anin manya a gaba, don haka shi ma ba na falo ba ne. Ka tanadi minti hamsin da cajin waya kafin ka fara.